Asalin Famfon Yaya

Da na ajiye aiki na dawo garinmu da zama, na tarar ruwan famfo ya riga ni isowa. An haƙa rijiyar burtsatse a bakin kasuwa, an ɗora tanki a kan ƙarafa, an jera farantan sola a gefe, bututu ya nutse a ƙasa ya shiga unguwanni. Garin namu yana arewa da Kano, wajen Bici, inda gona ke manne da gona, babu taƙin ƙasar da ba ta da mai ita, mai itan kuma bai yi nisa ba.

Aikin awon hanya na yi. Shi ya kai ni Yamai da Kumasi da Hartum, na daɗe a kowanne har na iya ciniki da faɗa da harshen mutanensa. Duk inda na zauna, bututun ruwa titi yake bi. In ka san titi, ka san inda ruwa ya kwanta. A garinmu bututu dangi yake bi. Mutum ya samu ruwa a gidansa, 'yarsa tana aure bayan makaranta, ba zai iya buɗe famfo ita tana jan guga ba, sai ya kira mai gyaran famfo a ja mata reshe. Ita kuma tana jin nauyin uwar mijinta, sai a ja wa tsohuwa. Tsohuwa tana da ƙane. Haka bututu ya yi ta ratsa katanga, yana zagaye rumbu, ya tsallake maƙwabci na jikin bango ya tafi wajen surukin da ke ƙarshen layi. Da za a tone garin a ɗaga bututun sama, da an ga wa ya auri 'yar wa ba sai an tambayi tsofaffi ba.

Tanki kuwa ba shi da dangi, iyakar cikinsa ya sani. Aka kai lokacin da wasu ranakun kafin azahar ya ƙafe. Sai ofishin da ke kula da ruwan ya aiko da doka: za a zana kowane bututu a taswirar kwamfuta. Famfon da aka iya bin sawunsa har zuwa tanki, ko ta gidan wa ya biyo, za a bar shi, a dai rubuta. Wanda aka kasa, na sata ne, ƙarshen wata za a yanke shi a toshe.

Wadda aka turo ta jagoranci aikin 'yar ƙanena ce, injiniyar ruwa, tana aure a Rijiyar Zaki. Ta yi mako biyu tana bin gida-gida da abokan aikinta, suna yi wa kowane maigida tambaya biyu: daga ina ruwanka ya fito, kuma akwai wanda ka ja wa? Ran da suka gama, ta zo zaurena da hantsi, ta shimfiɗa kwamfutar a kan tabarma.

“Baba, zo ka ga garinku.”

Na saka tabarau. Kowane bututu zare ne a fuskar kwamfutar, kowane famfo ɗigo, duk launin toka. Ta ɗora kibiya a kan tanki ta danna, ta ce ta umarci manhajar ta bi ruwa duk inda ya je. Sai shuɗi ya fito daga tankin yana gudu cikin zaren, ya rabu biyu a kasuwa, ya rabu huɗu a gaban masallaci, yana shiga lungu yana fita. Aikin da a zamaninmu sai mutum biyar sun yi wata da sarƙar awo, ya ƙare kafin in gyara zama. Gari duk ya yi shuɗi.

Ban da ɗigo ɗaya, can gabas, bayan gonaki. Ɗan guntun zare ya fito daga jikinsa ya nufi masallaci, ya tsaya a fili bai kama komai ba.

“Wane mai tsautsayi ne wannan?”

Ta ce, “Baba, na Gwaggo ne.”

Gwaggonta ita ce yayata, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta mata suna gidajensu, namijin yana Fatakwal. Ita kaɗai take a gidan, tana yin daddawa, kuma wanda ya san daddawa ya san ruwa take ci: a dafa kalwa, a wanke, a sake dafawa, a sake wankewa. Kafin famfon nan rijiya take ja, har bayanta ya ƙi miƙewa. Shekara shida da suka wuce ɗanta ya yi magana da mai gyaran famfo aka ja mata ruwa. In aka toshe shi, ba rijiyar za ta koma ba, don ba za ta iya ba. Sana'ar za ta bari, daga nan kuma a ce ta tattara ta koma gidan ɗaya daga cikin 'ya'yanta, abin da ta sha cewa sai dai a ɗauki gawarta.

Muka tafi tare. Muka same ta a tsakar gida, ta zauna a kujera 'yar tsugunne, tukunyar kalwa tana tafasa. Injiniya ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi bayani a hankali, ta juya mata kwamfutar.

Yaya ta dubi ɗigon, ta dubi 'yar. Ta miƙa hannu ta murɗa famfon, ta tara ƙwarya har ta cika, ta miƙo mini.

“Alhajin yawo, ungo. Sha ruwan da babu.”

Injiniya ta ce, “Gwaggo, ba cewa kwamfutar ta yi babu ruwa ba. Cewa ta yi ba ta san daga ina yake zuwa ba.”

“Na gaya muku daga masallaci.”

“Mun duba bututun masallaci daga farko har ƙarshe. Babu reshen da ya fita gabas.”

“To ba zane ba ne? Ƙara masa tsawo ya taɓa masallacin mana. Tawada ce ta ƙare?”

Ni ma, in faɗi gaskiya, abin da ke raina ke nan, kuma da muka fito na faɗa. Injiniya ta ce masu duba aiki za su zo, kuma ba zane suke dubawa ba. Bawul suke rufewa, wato makullin bututu, su ga wane famfo ya ɗauke. In sun rufe na masallaci, na Gwaggo yana zuba, an kama ƙarya biyu, ta Gwaggo da tata. Na ce to a tona a bi bututun da ido. Ta nuna mini gonakin da suka kewaye gidan. Tsakiyar damina ce, gero ya kai ƙirji, wake yana yaɗo a ƙarƙashinsa. A Hartum na ga an fasa titi mai kwalta don neman bututu, ba wanda ya ɗaga kai. A nan, ka taɓa kunya ɗaya ta gero a watan nan, sai an kwana uku a gaban dagaci.

Saura mai gyaran famfo, wanda ya binne abin da hannunsa. Na same shi a rumfarsa yana liƙe bokiti.

“Wallahi, Alhaji, aikin ya daɗe. Kai kuma ya tsufa.”

“Kai da har yau kake ba da labarin akuyar da ta ci maka gyaɗa zamanin da ba ka yi aure ba, har da launinta?”

Ya yi dariya, ya ci gaba da liƙi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “An sa na yi alkawari. Amma ban yi wa kowa alkawarin zan hana ku rufe bawul ba.”

Washegari muka bi shawarar da bai bayar ba. Ni na tsaya a bakin famfon Yaya da waya a kunne, Injiniya tana can cikin gari tana rufe manyan bawul ɗaya bayan ɗaya. Ta rufe na masallaci, ruwa yana zuba. Ta rufe na kasuwa, yana zuba. Da ta rufe na unguwar kudu, famfon ya yi tari sau biyu ya tsaya. Ta buɗe, ya dawo. Sai ta koma kan kwamfuta ta ce wa manhajar ta nuna duk gidan da ke shan ruwa a ƙarƙashin wannan bawul. Gida goma sha ɗaya suka fito.

Nan na ga wurin da zan yi amfani. Na karɓi jerin, na ce ita ta san na'ura, ni na san gari. Na sa alama a kan gidan tela, wanda matarsa 'yar ƙawar Yaya ce, na sa a kan wasu biyu da muke da dangantaka ta wajen uwa. Gida ɗaya kuwa na ja masa layi na soke shi gaba ɗaya.

“Wannan fa, Baba?”

“Wannan ko ruwan sama ne ba zai bar shi ya gangaro gidan Gwaggonki ba.”

Ƙanen mijin Yaya ne. A da babu masu wasa kamarsu. Yana kiranta matar Yaya, tana kiransa rago, in ya shigo gidan sai ta ɓoye tuwo ta ce an cinye. Da mijinta ya rasu aka raba gona, wata ɗorawa da Yaya ta yi shekara talatin tana cin kalwarta ta faɗa a rabonsa. Ita ta ce mijinta ya ba ta bishiyar tun yana da rai, kuma kowa ya san a nan ana iya mallakar bishiya a gonar wani. Shi ya ce a kawo shaida. Babu shaida. Daga ranar ba su sake magana ba. Ta daina faɗin ko da laƙabinsa, ya koma “mutumin can”. In sun haɗu a gidan suna ko gaisuwar mutuwa, kowa ya san yadda zai zaunar da su. Shekara kusan ashirin ana haka, har abin ya zama kamar wani gini a garin, ana zagaye shi ba a ganinsa.

Injiniya ta ce, “Shi ma na yi masa tambayar. Na ce akwai wanda ya ja wa ruwa? Ya ce, ‘Yarinya, ni ina ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa ne?’ Sai na rubuta babu.”

“Kin rubuta daidai,” in ji ni.

Muka koma aiki. Kowane gida yana da ƙaramin bawul a bakin ƙofa. Ta fara da gidan tela. Na ƙura wa famfon ido ina jiran ya tsaya ya gaskata ni. Bai tsaya ba. Ta rufe na dangin uwa, ɗaya, biyu. Yana zuba. Ta bi sauran. Abin da na lura da shi daga baya, da take ba ni labari, shi ne babu maigidan da ya tambaye ta me take nema. Kowa sai ya ce, “Rufe mana, Injiniya, Allah ya ba da sa'a,” ya koma ciki da sauri kamar mai gudun a kira shi shaida.

Yaya tana gefena duk tsawon lokacin, tana murza dafaffiyar kalwa a cikin kwando, ba ta ko kallon famfon. Rana ta take. Waya ta yi magana a kunnena.

“Baba, goma sun ƙare. Saura wanda ka soke. Ina ƙofar gidan.”

Ban amsa ba tukuna, Yaya ta ce, tana ci gaba da murza, “Ce mata kada ta wahalar da kanta. Ta dawo ta ci abinci.”

Na sauke wayar. “Yaya, kin sani?”

“Kai dai ka yi yawon duniya a banza. Kullum bayan la'asar ruwana sai ya koma kamar fitsarin ɗan akuya, rabin sa'a, sannan ya dawo. Waye a garin nan yake shayar da shanu bayan la'asar in ba mutumin can ba? Ran Juma'a ba ya raguwa sai yamma lis, don yana tsayawa surutu a masallaci. Da ya tafi Dawanau kai wake ya kwana biyu, ruwana har feshi yake. Tun makon farko na sani.”

“Shekara shida? Ba ki ce komai ba?”

“Me zan ce? Ya ce ya ba ni ne? Bai ce ba. Ni ma ban ce na karɓa ba. Ruwa ya zo, na sha. Yanzu ku da akwatinku kun zo sai an faɗa.”

Daga baya mai gyaran famfo ya cike mini sauran, tunda alkawarin ya riga ya fashe ba ta bakinsa ba. Daga masallaci babu hanya sai ta maƙabarta. Yana tsaye yana tunanin yadda zai gaya wa ɗan Fatakwal abin ba zai yiwu ba, mutumin ya kira shi gefe ya ce ya ja daga bayan turkensa, ya bi ta gonarsa da rani, ya nutsa bututun sosai yadda garma ba za ta taɓa shi ba. Ya ce matar yayansa ba za ta ja guga yana da famfo ba, amma in maganar ta fita, shi da shi ne. Duk unguwar ta ga ana haƙa. Garin da in kaza ta yi ƙwai a gabas ana jin labari a yamma, ya riƙe wannan shekara shida.

Na zaci an gama, ashe yanzu aka fara. Doka ta ce reshen da ya fito daga gidan wani sai an cike takarda guda, mai bayarwa ya sa hannu a sama, mai karɓa a ƙasa, sannan a ja zaren a taswira. Saura kwana huɗu wata ya ƙare.

Na fara kai wa mutumin. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu. Muka gaisa, muka tambayi damina, muka yi maganar takin zamani, sannan na fito da takardar. Ya karanta ta da nisa, kamar mai duba ƙwan da yake zargi.

“Alhaji, in na fara sa hannu, na yi gori ke nan. Za a ce na rubuta wa hukuma cewa ni nake ba ta ruwa. Ta fara sawa, in ya so ni na bi baya, a matsayin an tambaye ni.”

“In ba a sa ba za a toshe, Malam.”

“Allah ya kiyaye. Kai mata.”

Na kai mata. Ta goge hannu a zane, ba ta karɓa ba.

“In fara dangwalawa? In roƙe shi ke nan a rubuce? Shi da ya binne abinsa ba da sanina ba, shi zai fara.”

“Kin ce kin sani.”

“Na sani a cikina. Takarda daban.”

“Yaya, za ki rasa famfon nan.”

Ta dubi famfon, ta dubi tukwanen da ke jere, ta daɗe. Na ga abin ya taɓa ta, don muryarta ta sauka. “To a toshe,” ta ce. Ta juya ta ci gaba da aikinta, amma kwandon da ta riga ta wanke ta sake ɗauka tana wankewa.

Kwana biyu ina kai da kawowa tsakanin gida biyu da tafiyarsu ba ta kai minti goma ba. Na taɓa zama tafinta tsakanin ɗan kwangila Bafaranshe da sarkin wani gari a kan hanyar da za ta ratsa kasuwarsa, aka daidaita a yini ɗaya. Waɗannan harshensu ɗaya da nawa, na kasa. Injiniya ta ce ko a ba kowa takardarsa, ta tambaya a ofis aka ce a'a, guda ɗaya ce.

Ran na uku da safe, takardar tana aljihuna duk ta yi laushi, na fito da ita na ga ta karye a tsakiya, daidai tsakanin gurbin sama da na ƙasa. Na ƙara danne karin da farce. Na je gidan mutumin, na ɗora ta a gwiwata a naɗe, gurbinsa yana sama, ɗaya gefen yana kife. Na miƙa masa biro.

Ya dubi takardar. Hannu ɗaya zai sa ya juya ta ya ga ko akwai tawada a baya. Ya dube ni. Ya karɓi biron, ya rubuta sunansa da ajami a hankali, ya ce, “Tunda an tambaye ni.”

Na wuce gidan Yaya, na kifa gefensa, na buɗe mata kwalin tawada. Ita ma ta dubi takardar, ta dubi karin da ke tsakiya. Na ga babban yatsanta ya taɓa gefen kamar za ta ɗaga, sai ta fasa. Ta dangwala a tawada, ta danna da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa.

“Tunda ya riga ya sa,” ta ce.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba, ita ma ba tambaya ta yi ba.

A nan tsakar gidan Injiniya ta buɗe kwamfuta. Ta goge guntun zaren da ya nufi masallaci, ta ja sabo daga bayan turken mutumin, ta ratsa gonarsa, ta kawo shi jikin ɗigon. Ta koma kan tanki ta danna. Shuɗi ya taso, ya bi kasuwa, ya gangara kudu, ya shiga gidansa, ya fito ta baya, ya miƙe gabas.

“Gwaggo, kin gani? Kin haɗu.”

“Da wa?”

“Da tanki, Gwaggo.”

“To.”

Na naɗe takardar zan tashi, ta ce in dakata. Ta cika wata 'yar roba da daddawa, ta ɗaure a leda. Na miƙa hannu ina murna a raina, na zaci na mutumin ne, na ce yau gaba ta mutu.

“Wannan na Injiniya ne, ta kai wa mijinta. Kai kuma, tunda ka zama ɗan aike, ka biya ka gaya wa mutumin can, yanzu da hukuma ta san da ni, ya daina shayar da shanunsa bayan la'asar. Lokacin nake wankin kalwa.”

Na biya na gaya masa, kalma da kalma. Saƙo na farko ke nan da ya fito daga bakinta zuwa gare shi cikin shekara kusan ashirin. Ya saurara har ƙarshe, yana ta murza igiya a cinyarsa.

“Ka ce wa matar Yaya shanu ba su san hukuma ba,” ya ce. “Ta riƙa wankinta da hantsi kamar mutane.”